Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Land Rover

Tun 1948 aka fara ƙera Land Rover a Ingila, kuma har yau akwai tsofaffinta a yashe a garejoji, alhali da sauran ƙarfinsu. Jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma sasin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne. Don haka ƙwararren bakanike daga ƙasa yake farawa: ya shiga ƙarƙashinta da guduma yana ƙwanƙwasa sasin. Inda ya ji ƙara ras, lafiya lau. Inda tsatsa ta zubo, sai a yanke wurin, mai walda ya ɗora sabon ƙarfe.

Daga nan sai birki da sitiyari, domin ran mutane a kansu yake. Man birki yana tsotsar danshi idan mota ta daɗe a ajiye, dole a juye shi a sauya robobin da suka tsattsage. Kafin a tayar da inji, a zubar da tsohon baƙin mai, a wanke tanki da lagireto, a sa sabon batir, a gwada giyar da ke juya tayoyi huɗu.

Fenti shi ne na ƙarshe. A Najeriya kuma, kada a hau titi sai jami'an VIO sun duba ta sun ba da takardar shaidar lafiyarta.