An Koma Makaranta A Katsina: Ina Aka Kai Lokacin Wasan Yara?

Kowace shekara idan watan Satumba ya kama, aka shiga yankan gero a karkara, sai birnin Katsina ya sake kama. Tun da sassafe hanyoyin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Marusa sukan cika maƙil da 'yan makaranta, waɗansu a ƙasa, waɗansu an jera su uku-uku a bayan babur, waɗansu kuwa cikin keke mai ƙafa uku. Dogon hutu ya ƙare ke nan, kowane gida ya koma bin agogo.

A irin wannan lokaci hankalin iyaye yakan tafi ga abubuwan da ido ke gani, watau kayan makaranta da littattafai da kuɗin da za a biya. Amma akwai wani abu guda da yake salwanta a gidaje da yawa ba tare da an lura ba, shi ne ɗan lokacin nan na tsakanin la'asar da magariba wanda tun kaka da kakanni aka bar wa yara don su yi wasa.

Hidimar Gida

Komawa makaranta ba ƙaramar hidima ba ce ga maigida. Yaron da aka ɗinka wa riga bara ya yi tsawo, takalmi ya matse, jaka ta yage. Ga tela yana jira, ga masu littattafai a Babbar Kasuwa, ga kuɗin tara na kowace safiya, ga kuma kuɗin zango ga wanda ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1983 da ƙari arba'in, watau 2023, kuɗin kai yara da ɗauko su ya zama wani kaso mai nauyi a cikin cefane. Har ila yau lokacin yakan zo daidai da ƙarshen damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, kuma mai noma bai riga ya sayar da amfanin gonarsa ba.

Uwargida kuwa ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Kafin a kira assalatu ta hura wuta, ta dama koko ko ta yi ɗumame, ta yi wa ƙanana wanka, ta nemo safar da ta ɓace, ta raba faɗan fensir. Da yamma ga wanki, ga kitson 'yan mata. Wanda ya ga wannan ɗawainiya ba zai yi mamaki ba idan iyaye suka ɗauka cewa duk mintin da yaro bai riƙe littafi ba asara aka yi.

Yinin Ɗan Makaranta

To, sai a dubi yinin yaron da kansa. Bayan sallar asuba, a gidaje da yawa, zai ɗauki allo ya yi tilawa. Kafin ƙarfe takwas yana makarantar boko, ba zai dawo ba sai wajen azahar. Ya ci abinci, ya sake tufafi, ya nufi Islamiyya, inda zai kai kusan faɗuwar rana. Bayan magariba akwai makarantar dare, ko malamin da aka ɗauka ya zo gida ya yi ƙarin darasi, sa'an nan ga aikin da aka ba shi daga makaranta yana jira a jaka.

Abin lura kuma shi ne yadda ranakun hutun suka saɓa. Makarantun allo da Islamiyya sun saba hutawa Alhamis da Juma'a, alhali a ranakun nan ana zuwa boko. Boko tana hutawa Asabar da Lahadi, a ranakun nan kuwa ake cika azuzuwan hadda tun da safe. Saboda haka sai a sami yaro ɗan shekara goma wanda ba shi da yini guda cikakke na hutu a cikin mako, abin da ko ma'aikacin gwamnati ba a yi masa.

Babu mai musun darajar ko ɗaya daga cikin karatuttukan nan. Garin da ke da hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ba ya bukatar a koya masa son ilmi. Sai dai jiki ma yana da nasa hakki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 a kullum yana motsa jiki sosai, irin motsin da zai sa shi haki. Malaman aji sun san bambancin yaron da ya yi gudu jiya ya yi barci mai nauyi, da wanda ya yini a zaune ya kwana yana latsa waya, domin shi ne mai gyangyaɗi tun kafin a fita tara.

Abin Da Tarihi Ya Nuna

Mutumin Katsina ba sai ya je nesa neman misali ba. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, ta haɗa karatu da wasa tun ranar farko. Ɗalibanta sun yi kurket, sun yi guje-guje, sun kuma yi wasan fayis, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, biyu suna karawa da biyu. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a fayis, bai kuwa bar wasan ba har sa'ad da yake Firimiyan Jihar Arewa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma a wannan makaranta ya yi karatu. An mai da kwalejin Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya inda ta zama Kwalejin Barewa, tsohon gininta na ƙasa kuwa ya zama gidan adana kayan tarihi. Ba a taɓa jin wanda ya ce wasa ya rage wa waɗannan bayin Allah ilmi ko natsuwa ba.

Fada ma ba a bar ta a baya ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan ƙwallon dawaki a Katsina, ya sa 'ya'yansa a ciki. Ɗansa Sir Usman Nagogo, Sarkin Katsina daga 1944 zuwa 1981, ya ƙware har sunansa ya ketare teku. Babban filin wasan da aka kammala a 2013, wanda aka fara kira Karkanda, mai ɗaukar mutum wajen 35,000, sunan Sarki Dikko aka sa masa daga baya, kuma ba a yi kuskuren suna ba.

Talaka shi ma yana da nasa. Kafin zuwan ƙwallon ƙafa yaran unguwa suna da langa da kokawa da ɓoyo, 'yan mata suna da gaɗa da carafke a dandali. Waɗannan wasanni ba su bukatar ko kwabo, kuma a cikinsu yaro yake koyon jimiri, da bin doka, da yadda ake shan kaye a tashi a kaɗe riga ba tare da gaba ba. Langa da kokawa da dambe har sun sami gurbi a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973.

Ina Filayen?

Ko da an sami lokaci, sai a tambaya, a ina za a yi wasan? Tun daga shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, zuwa dokar 2004 wadda ta wajabta karatun shekara tara ga kowane yaro, yawan 'yan makaranta sai ƙaruwa yake yi. Birnin kansa ya bunƙasa ƙwarai bayan da ya zama hedkwatar jiha a ranar 23 ga Satumba, 1987. Wannan abin farin ciki ne, amma filaye ne suka biya kuɗinsa. Inda aka rasa wurin ƙara aji sai a ci gefen filin ƙwallo. Kangon da yaran unguwa ke taruwa an yanka shi fuloti. Makarantun kuɗi da dama kuwa a gidajen haya suke, tsakar gidansu ko taron safe ba ta ɗauka, balle gudu.

Sakamakon haka kowa yana ganinsa. Yara su kafa duwatsu biyu a tsakiyar lungu su mai da shi raga, babur ya taho su watse, ya wuce su dawo. Ƙwallo ta faɗa gidan maƙwabci a yi cacar baki, wani lokaci har manya su shiga. Wanda aka hana shi lungu kuma, idan ya fara tasawa, sai ya zarce gidan kallon ƙwallo, ya biya kuɗi ya zauna yana kallon 'yan wasan Ingila da Sifen har dare ya raba. Ya san sunan kowane ɗan wasa, amma shi kansa ba zai iya zagaya fili sau biyu ba. A irin wuraren zaman banza ne kuma ake haɗuwa da abokan da ke koya wa yaro shaye-shaye.

Tsoron da iyaye ke ji ba na banza ba ne. Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ko da yake Allah ya sa an sako su bayan kwana shida, babu uwar da hankalinta ke kwanciya idan ɗanta ya yi nisa da gida. Amma maganin wannan tsoro shi ne fili mai katanga a cikin unguwa, da babban mutum mai sa ido, domin yaron da aka san inda yake da ƙarfe biyar ya fi tsaro bisa ga wanda ya sulale ba a san inda ya nufa ba.

'Yan mata su ne suka fi cutuwa. Dandali ya mutu a yawancin unguwanni, kuma ba a kawo abin da ya maye gurbinsa ba. Yarinya ta dawo daga makaranta ta shiga wanke-wanke da raino, ko ta ɗauki talla. Alhali babu abin da ya hana makarantar mata ta keɓe musu lokaci a cikin harabarta, da malama mace, da sutura ta mutunci, su yi gudu da ƙwallon hannu da ƙwallon raga. Ita ma lafiyarta abin kiyayewa ce, ita ce kuwa uwar gobe.

Tsani Da Tarko

Akwai iyayen da suka karkata ɗaya gefen. Tun da yaran Nijeriya suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, inda suka doke Jamus ta Yamma da ci biyu ba ko ɗaya, suka kuma sake cin irinsa a 1993 da 2007 da 2013 da 2015, yara da yawa suka ɗauka ƙwallo ce gajeruwar hanyar arziki. Hanyar kam akwai ta. Tana farawa daga gasar gidaje ta cikin makaranta, ta bi ta gasar makarantu, ta kai ga irin su Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed, da Gasar Matasa ta Ƙasa wadda aka fara a Abuja a 2013, har yaro ya kai ga ƙungiya irin Katsina United. Sai dai cikin dubu ɗaiɗai ne ke kaiwa ƙarshenta, kuma targaɗe guda ya isa ya rufe ta. Yaron da ya jefar da littafi saboda ƙwallo ya saki reshe ya kama ganye. Uban da wani ya zo masa da daɗin baki cewa a kawo kuɗi za a kai ɗansa Turai, ya kamata ya yi bincike tukuna kafin ya sayar da akuya ko gona.

Abin Yi

Gyaran ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Tun da Islamiyya tana hutawa Alhamis da Juma'a, to, maigida ya bar wa yaransa yammacin ranakun nan biyu, kada a cusa musu wani ƙarin darasi a ciki. Ya san filin da suke zuwa, ya san wanda ke kula da su, ya kafa sharaɗi cewa kiran magariba ya same su a gida sun yi alwala. Idan ya sami sukuni ya taka ya tsaya a bakin fili, domin babu kyautar da ta kai wa yaro ya ɗaga kai ya ga mahaifinsa yana kallonsa.

Hedimastoci su mayar da darasin motsa jiki matsayinsa, kada ya zama lokacin shara ko na cike gurbin lissafi. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su tsaya a kan filin makaranta kamar yadda suke tsayawa a kan rufin aji, su kuma nemi a riƙa buɗe shi ga yaran unguwa da yamma a ƙarƙashin kulawar malami ko wani dattijo. Masu unguwanni da hukumomin tsara gari su tabbatar cewa duk sabuwar unguwar da za a yanka an ware mata filin yara, an kuma hana kowa taɓa shi. Masu ba da izinin buɗe makaranta su tambayi inda ɗalibai za su yi wasa kafin su sa hannu.

Zango ya fara, an biya tela, an sayi littattafai, uwargida ta koma tashin asuba. Saura a duba jadawalin da aka tsara wa yaron nan, daga safiyar Asabar zuwa daren Juma'a, a ga ko an bar masa wurin da zai cire takalmi ya yi gudu.