Ko Ka Sani? Farar Shamuwa Mai Kai Wa Turawa Bushara

Ko ka sani cewa mutanen ƙasashen Turai, waɗanda sanyi kan kulle cikin ɗakuna wata da watanni, har ƙanƙara ta rufe gonaki, itatuwa su kaɗe ganye ƙaf, suna da wata tsuntsuwa wadda dawowarta ce ke shaida musu cewa wahalar hunturu ta kusa yankewa? Ita ce farar shamuwa, 'yar'uwar tamu shamuwar da ke sauka kan tsamiya da kuka idan damina ta gabato, sai dai ta fi tamu girma, jikinta fari fat, gefen fukafukanta baƙi, baki da ƙafafu kuwa ja wur.

A cikin watan Maris ko Afrilu, idan manomin ƙasar Folan ko na Jamus ya ɗaga kai ya hangi namijin ya sauka kan tsohuwar sheƙarsa bisa rufin ɗaki, yana gyaran kirare kafin macen ta iso, yana kuma kaɗa baki ƙwas-ƙwas-ƙwas, domin Allah bai hore masa muryar kuka ba, to, sai ya tabbata lokacin huɗa ya yi, yara kuma su shiga ɗokin ranar da za a sake su su bazama cikin makiyaya da bakin rafi.

Amma ina take zuwa idan ta ɓace? Wannan mas'ala ta daɗe tana ɗaure wa masana kai, har Aristotal, babban malamin falsafar Yunanawa, ya ɗauka cewa wasu tsuntsaye ɓuya suke yi cikin ramuka sai sanyi ya wuce. Ana nan cikin zato da ƙiyasi, sai a shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, aka tarar da wani siririn mashi irin na mutanen tsakiyar Afirka soke a wuyanta, wanda ta taso da shi tun daga can ba ta faɗi ba. Gawarta na nan a ajiye a Jami'ar Rostock har yau. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Denmak mai suna Mortensen ya ƙago dabarar sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, hujja ta ƙara tabbata cewa Afirka take zuwa.

Wani abin al'ajabi shi ne, ba ta yarda ta ratsa tsakiyar Bahar Rum. Dalili kuwa, ba da yawan kaɗa fukafukai take tafiya ba. Iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa idan rana ta buɗe ita ke ɗaga ta sama, sa'an nan ta miƙe fukafukai ta zurara, alhali kuwa irin wannan iska ba ta tasowa bisa teku. Saboda haka na yammacin Turai kan ƙetare ta mashigin Jibralta su sauka ƙasashen Sahel, daga Senigal har tafkin Chadi, na gabas kuwa su bi ta Santambul da Sham da Masar, wasunsu har Afirka ta Kudu.

Ashe ke nan, a fadamunmu take samun fara da kwaɗin da ke ba ta ƙarfin komawa. Duk wanda ya kiyaye fadama, ya kuma hana yaro ɗana mata tarko, ya sauke amanar halittar Ubangiji, kuma ya kyautata wa wasu bayin Allah da ke can nesa suna jiran isowarta.