Lambunan Abuja: Daga Taswira Zuwa Wurin Gasa Kifi

A 1979 kamfanin International Planning Associates ya miƙa wa gwamnatin tarayya babbar taswirar Abuja, shekara uku bayan dokar soja mai lamba 6 ta 1976 da ta kafa sabon birnin. Masu zanen sun ware kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar birnin ga filayen shan iska, wuraren wasa, duwatsu da bakin rafuka. Ba ado kaɗai suka nufa ba. Kwarin rafi hanyar ruwan damina ce, an bar shi babu gini ne don ruwa ya sami wurin wucewa.

Duk wanda ya zaga Wuse ko Garki da yamma zai ga abin da lambuna da yawa suka koma: wuraren gasa kifi, shan giya, kallon ƙwallo da rumfunan biki. Wasu kuwa gini ya haɗiye su ɗungurum.

A ganina tushen matsalar kuɗin kula ne. Zana lambu a takarda ba ya cin ko kwabo, amma ban ruwa da rani, yankan ciyawa, shara, fitila da albashin mai gadi sai an biya kowane wata. Da nauyin ya fi ƙarfin hukuma, sai sashen kula da lambuna ya riƙa ba 'yan kasuwa hayarsu, bisa sharaɗin su raya itatuwa, kada su kafa gini na dindindin. To, ɗan kasuwa ya zuba jari, ciyawa kuwa ba ta kawo riba. Yau ya jera kujeru, gobe rumfa, jibi bulo ya hau bulo. Ban ga laifinsa sosai ba. Wanda ya ba kura ajiyar nama shi ya kamata a fara tuhuma.

Sai kuma tsadar ƙasa. A Abuja ikon rabon fili yana hannun minista, sa hannu ɗaya kuma ya isa ya mai da lambu fuloti. Nasir el-Rufai, lokacin yana ministan Abuja, ya yi rusau tsakanin 2003 da 2007 da sunan komawa ga taswira, wasu na bayansa ma sun soke takardun haya. Amma filin da wannan ya ƙwato, wancan na iya sake rabawa.

Hayar ba ta rasa amfani ba. Ta samar da aiki ga masu girki da masu gadi, kuma wuri mai fitila da jama'a ya fi dajin da ɓata-gari ke fakewa. Sai dai uwa mai yara uku ba za ta shimfiɗa tabarma inda ake shan giya ba. Shi ya sa kowace Sallah da Kirsimeti jama'a ke tururuwa zuwa Millennium Park, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003. Da yawansu daga Kubwa, Nyanya, Karu da Mararaba suke, garuruwan da suka kumbura da ma'aikata ba tare da an tanadar musu filin kirki ba.

Illar da ta fi tsada ita ce ambaliya. A Yunin 2023 ruwa ya mamaye wani rukunin gidaje a Lugbe, Lokogoma ma ta sha irin wannan, kuma hukumomi da bakinsu sun ɗora laifin a kan gini bisa hanyar ruwa.

Unguwannin mataki na uku da na huɗu na ginin birnin har yanzu buɗe su ake yi, don haka akwai sauran abin ceto. Kafin a raba fuloti a can, a kafa wa kowane lambu duwatsun iyaka, a wallafa sunansa da faɗinsa kowa ya gani, a kuma yanke wani kaso na harajin filayen unguwar domin kula da shi.