Nono da cuku su ne ke sa teɓa?

Tun daga kokowar takobi ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, samarinmu ke sha'awar jiki mai ƙarfi. Bayan ƴan kokowa kuma ga masu ɗaga ƙarfe a unguwanni. Su ba nauyi suke nema ba. Suna so tsoka ta fito, kitse ya tafi. Wasunsu sun daina shan nono da cin cuku, wai su ne ke sa teɓa. Sai su tara kuɗi su sayi garin gina jiki na gwangwani daga ƙasar waje. Mu dai a ganinmu asara ce.

Tsoka ba ta ginuwa sai da abin da likitoci ke kira furotin. Shi ne tubalin jiki. Saurayi mai kilo 70 da ke ɗaga ƙarfe yana bukatar wajen garam 110 a yini. Lita 1 ta madarar shanu tana da kamar garam 33, wato daidai da ƙwai 5. Tana kuma da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Wanda ya bar nono alhali yana rage ci, ba kitse kaɗai zai zubar ba, har da tsokar da ya sha wahalar ginawa.

To, daga ina teɓa take zuwa? Daga cin abin da ya fi ƙarfin aikin da jiki ke yi, ko wane irin abinci ne. Sai dai mai ya fi saurin taruwa, domin garam 1 na mai ya fi garam 2 na sukari ba da ƙarfi.

A nan ne ya kamata mu bambanta. Kindirmo yana tare da mansa duka. Nonon da aka kaɗa aka kwashe man shanu kuwa, furotin ɗinsa yana nan, mai ne ya ragu. Shi ne na mai son rage kitse, kuma ya fi araha. A kula kawai kada a sayi wanda aka cika wa ruwa. Sau da yawa ma laifin ba na nono ba ne, na sukarin da muke zubawa a fura ne cokali bayan cokali.

Cuku madara ce da aka tsane aka shanya. Ruwa ya tafi, furotin da mai sun taru wuri ɗaya. Shi ya sa ɗan kaɗan yake riƙe ciki. A ci ɓari ɗaya da shayi, kada a zauna ana ɓantara ana hira har ya ƙare.

Abin mamaki, yawancin garin gwangwanin nan ana yin sa ne da ruwan da ke tsiyayewa lokacin yin cuku a masana'antu. Ashe saurayi ya guji nono ne a kasuwa, ya koma ya saye shi da tsada.

Ɗanyar madara a tafasa ta kafin a sha, domin tarin fuka na shanu yana kama mutum ta hanyarta. Wanda madara ke kumbura wa ciki ya gwada nono mai tsami, ya fi sauƙin narkewa. Idan abin bai daina ba, ya nemi furotin a wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai da kifi.