Shataletalen da ke Ƙasan Ƙwaƙwalwa: Kowa da Irin Nasa

Ɗora yatsu biyu a gefen wuyanka, dab da maƙogwaro, ka ɗan natsu. Bugun da kake ji na ɗaya ne daga manyan jijiyoyi huɗu da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Biyu suna gaba, dama da hagu, su likitoci ke kira karotid. Sauran biyun yatsa ba ya cim musu, don ta cikin wasu 'yan kafofi na ƙasusuwan wuya suka bi, suka shiga ƙoƙon kai ta wajen ƙeya, sannan suka haɗe suka zama ɗaya. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa. Kuma ba ta da rumbu. Abin da ya zo shi take ci nan take, in jini ya yanke wa wani sashe nata na 'yan mintuna, ƙwayoyin wurin sun fara mutuwa.

Wanda ya san shataletalen Dangi na Kano kafin a yi masa gada zai gane abin da ke faruwa idan waɗannan jijiyoyi suka isa ƙasan ƙwaƙwalwa. Ba kowace ke wucewa unguwarta kai tsaye ba. Sai sun haɗu a wani zobe da bai fi bakin kofin shayi faɗi ba. Wata 'yar gajeriyar jijiya ta haɗa dama da hagu ta gaba, wasu biyu kuma suka haɗa gaba da baya. Amfanin zoben a fili yake: in hanya ɗaya ta toshe, jini na iya zagayowa ta wata, kamar yadda mai adaidaita sahu ke saki Titin Zariya in ya cushe, ya kutsa lungunan Gyadi-Gyadi ya ɓullo gaba. Sunan likitan Ingila Thomas Willis aka ba zoben, saboda littafinsa kan ƙirar ƙwaƙwalwa na 1664. Wanda ya yi masa zanen shi ne Christopher Wren, mutumin da daga baya ya tsara ginin babbar majami'ar Saint Paul ta Landan.

Wannan zane mai kyau, dama daidai da hagu, shi ɗalibin likita ke haddacewa. Amma da za a leƙa kawunan jama'ar da ke zaune a layin ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano, waɗanda zobensu ya cika kamar na littafi ba za su kai rabi ba. Binciken gawarwaki da hotunan ƙwaƙwalwa a ƙasashe da dama abin da suka yi ta nunawa ke nan. Wani jijiyar da ke haɗa gaba da baya ta sirance kamar zare, wani babu ita sam a gefe ɗaya. Wani kuma jijiya guda ce ke ciyar da goshin ƙwaƙwalwarsa dama da hagu, maimakon biyu. A mutane da yawa jijiyar ƙeya ta hagu ta fi ta dama kauri. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake cuta. Halitta ce, kamar tsawo da gajarta, kuma mafi yawan masu ita za su rayu su tsufa ba su taɓa sani ba.

Asalin bambancin tun daga ciki yake. A makonnin farko na ɗan tayi, jijiyoyin gaba ne ke ciyar da ƙwaƙwalwar duka, har da bayanta. Daga baya jijiyoyin ƙeya ke girma su karɓi nasu yanki, tsofaffin hanyoyi su tsuke ko su ɓace. A kusan mutum ɗaya cikin biyar wannan miƙa mulki ba ya kammala, sai bayan ƙwaƙwalwa, inda cibiyar gani take, ya ci gaba da shan jini daga karotid har ƙarshen rayuwa. Ranar da gudan jini ya ɓalle daga jijiyar wuyan irin wannan mutum, yana iya zarcewa can baya, ya wayi gari ba ya ganin rabin abin da ke gabansa alhali idanunsa ƙalau suke.

A nan batun ya bar ɗakin karatu ya shigo gidajenmu. Mutum biyu, shekarunsu ɗaya, dukansu masu hawan jini, jijiya iri ɗaya ta toshe musu. Ɗaya ya ji hannunsa ya yi nauyi na ɗan lokaci ya warware, ɗayan ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Jama'a su ce na biyun jifa aka yi masa, ko iska ce ta shafe shi. Sau da yawa bambancin yana ga zoben nan da sauran ƙananan hanyoyin zagaye: na farko yana da lungun da jini zai bi, na biyu ba shi da shi. Akwai ma wata ƙira da likitan Faransa Gérard Percheron ya bayyana a 1973, inda 'yar jijiya ɗaya tak ke ciyar da wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa dama da hagu, wurin da ke da hannu a farkawa da barci. In ta toshe, mutum kan zube cikin barcin da ba a iya tashinsa, kuma hoton farko yakan fito kamar babu komai. Ina tausaya wa iyalin da wannan ya faɗa wa, don duk alamun da suke gani suna tura su ga wata fassara, sa'o'in da ya kamata a yi a asibiti su tafi a wajen hayaƙi da tofi. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya, a yi ta a cikin mota ana tafiya. Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko, kuma sai an yi hoto an tabbatar toshewa ce, ba fashewar jijiya ba.

Fashewar ma tana da alaƙa da ƙirar zoben. Inda jijiya ta rabu biyu nan jini ya fi dukan bango, nan ne kuma bangon kan yi kumburi kamar ƙurjin tayar keke. In gefe ɗaya na zoben ya sirance, ɗayan ke ɗaukar kayan mutum biyu, 'yar jijiyar da ke tsakaninsu ta sha matsi. Hawan jini da taba sigari su ke ƙara wa wutar fetur.

Masana ma sun daɗe suna kuskure a kan wannan wuri. Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, dabbobi yake feɗewa, ba mutane ba. A ƙasan ƙwaƙwalwar tumaki da shanu akwai wata raga ta ƙananan jijiyoyi a cukurkuɗe, mai hankali zai iya ganinta in ana fasa kan ragon layya. Jalinus ya gan ta ya ce ɗan Adam ma yana da ita, aka yi ta kwafar maganarsa sama da shekara dubu, har Andreas Vesalius ya buga littafinsa a 1543 ya nuna babu ita a kan mutum. Sai a 1927 Egas Moniz na Fotugal ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar mai rai.

Wurin da sanin wannan taswira ya fi taɓa ni shi ne wajen yara masu sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, kimanin 150,000 a shekara. In ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma zai gamu da shanyewar jiki kafin ya cika shekara 20. Kuma inda cutar ke tsuke jijiya shi ne daidai gaban zoben, ƙarshen karotid da farkon rassanta. Idan tsukewar ta yi tsanani, jiki kan tsiro da wasu siraran jijiyoyi don neman mafita, waɗanda a hoto suke kama da tashin hayaƙi, shi ya sa likitocin Jafan suka sa musu suna moyamoya. Siraran nan ba su da ƙwari, ga saurin toshewa, ga saurin fashewa.

Ana iya gano haɗarin tun kafin ya auku. Yaro zai kwanta, a shafa masa ɗan mai a gefen kai tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ya fi siranta, a ɗora wata 'yar na'ura mai aika sauti. Ba allura, ba zafi. Sai ka ji wani shuu, shuu yana fita daga na'urar tare da bugun zuciya. Gudun jini take aunawa. Kamar tiyon ruwa ne, in ka matse bakinsa ruwan ya ƙara gudu. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari. Mai awon kuwa dole ya riƙe a ransa cewa taswirar wannan yaro ba lallai ta zama ta littafi ba, sai ya bi jijiyar a hankali, zurfi bayan zurfi, ya tabbatar wacce yake saurara.

A Amurka, tun 1998 aka tabbatar cewa ƙarin jini duk wata yana rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin 100. To ina mai ƙaramin ƙarfi a Tarauni zai samo jini mai tsabta wata-wata, shekara da shekaru? Wannan tambaya ce ta sa likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, suka haɗa hannu da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. Sun gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da awo ya nuna suna cikin haɗari, rabi aka ba su ƙaramin awo, rabi matsakaici. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ƙaramin awon ma yana kare yaro daga shanyewar jiki kamar matsakaicin, sai dai matsakaicin ya fi rage yawan kwanciya asibiti. Aikin da ake kafa hujja da shi a duniya ne, kuma a Kano aka yi babban ɓangarensa.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a riƙa yi wa kowane yaro mai sikila wannan awo sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Iyaye da yawa suna kai 'ya'yansu asibiti ne kawai in ciwon ƙashi ya tashi, ba su san akwai awon kai ba. Uwar da za ta je ganin likitan sikila a wannan mako, ta tambaya ko an taɓa auna gudun jinin ƙwaƙwalwar ɗanta, in an auna, nawa ya nuna.