Yanka Filayen Noma a Gaɓar Tekun Kalifoniya

A Amurka mallakar fili ba ta ba mutum damar yin abin da ya ga dama da shi, domin a galibin wurare gunduma takan raba ƙasarta shiyya-shiyya, ta keɓe wannan ga noma, wancan ga gidaje, ta kuma ƙayyade mafi ƙanƙantar girman da za a iya yanka fili a kowace shiyya. Wanda ke son raba babbar gona zuwa ƙananan gonakin iyali sai ya nemi a sauya wa filin matsayi, kuma a gaɓar tekun Kalifoniya wannan buƙata tana da wuyar samun karɓuwa ƙwarai.

Tushen wannan tsauri shi ne ƙuri'ar da jama'ar jihar suka kaɗa a 1972, lokacin da gine-gine ke neman toshe musu hanyar zuwa bakin ruwa, ƙuri'ar da ta haifar da Hukumar Kula da Gaɓar Teku, sannan dokar 1976 ta tabbatar da ita. Yankin da dokar ta shafa yakan shiga tudu kimanin yadi 1,000 daga bakin ruwa, ko da yake a wasu ƙauyuka yakan kai mil biyar, kuma a cikinsa ana ɗaukar yanka fili tamkar aza gini, ko da ba a kafa tubali ɗaya ba. Gunduma ce ke rubuta tsarin amfani da ƙasarta, amma ba ta iya sauya shi sai hukumar ta amince. Dokar ta kuma gindaya cewa a wajen gari ba za a yanka fili ba sai an riga an raya rabin filayen yankin masu amfani, kuma sababbin filayen ba za su gaza matsakaicin girman na maƙwabta ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne abin da ake kira gonar iyali a takardar neman izini sau da yawa ba ya zama gona. Filin eka biyar da ke kallon teku ya fi ƙarfin aljihun manomi, don haka attajirin birni ne ke saye, ya gina katafaren gida, ya ɗaure doki ɗaya ko biyu, sannan ya fara ƙorafi kan warin taki da ƙarar tarakta da asuba. Farashin ƙasa a kewaye sai ya tashi, maƙwabcin da ke tatsar shanu shi ma ya ga sayarwa ta fi masa riba. Gundumar Marin, arewa da San Faransisko, ta hango haka tun farkon shekarun 1970, ta kafa ƙa'idar gida ɗaya a kowace eka 60, wato kusan hekta 24. A 1980 kuma Ellen Straus, wadda iyalinta ke kiwon shanun madara, da Phyllis Faber suka kafa wata ƙungiya mai biyan manomi kuɗi ya sallama haƙƙin yanka gonarsa har abada, alhali gonar tana nan a hannunsa yana kiwo.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa girman fili kaɗai ke nuna gonar gaske. Makiyayin Marin yana buƙatar ɗaruruwan eka saboda ciyawar tuddai yake dogaro da ita, amma a kewayen Watsonville, inda hazon teku ke sanyaya ƙasa, 'yan ekoki na sitiroberi suna iya riƙe gida. Waɗanda ke sunkuye a tsakanin kunyoyin nan masu rufin leda tun sassafe, akasarinsu 'yan asalin Meziko, sun san noman ciki da waje, amma dokar da ta kare gonakin ita ce ta bar su manya-manya, sun fi ƙarfin ma'aikaci ya saya, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Ƙungiyar ALBA da ke kwarin Salinas ta bi wata hanya: tana riƙe da gonarta a dunƙule, tana koyar da ma'aikatan gona harkar kasuwanci, sannan ta ba su hayar ƙananan yankuna a farashi mai rahusa, ana ƙara musu fili gwargwadon yadda nomansu ya bunƙasa.