Barkono a Tukunyar Kafanchan da Tukwanen Duniya

Wanda ya bar Abuja da hunturu, ya bi ta Jere da Kwoi ya gangara Kafanchan, hanci ne ke fara sanar da shi ya shigo ƙasar citta. An tone ta, an tsaga ta biyu, an baza ta a kan duwatsu da farfajiyar gidaje tana shan rana. A kasuwar garin kuma, kusa da buhunan cittar, ga attaruhu an kasa, ga tattasai da shambo, ga busasshen barkono ana aunawa da mudu. Matar da za ta ɗora faten acca da yamma takan sayi ɗan wannan da ɗan wancan. Ta jajjaga attaruhu da albasa, ta daka citta da daddawa, ta yanka yakuwa da gauta, ta zuba gyaɗa. Idan an sauke, akan ajiye dakakken yaji a gefe, mai son ƙari ya barbaɗa.

Abincin gida ne tsantsa, irin wanda ma'aikaci ɗan Kudancin Kaduna ke kewa idan ya daɗe a Abuja. Sai dai abubuwa biyun da ke ba shi zafi duka baƙi ne a asali. Citta daga nahiyar Asiya ta fito. Barkono kuwa, shi da duk danginsa, ɗan nahiyar Amurka ne, kuma kafin tafiyar Kolumbus ta 1492 babu tukunyar da ta taɓa ganinsa a Afirka ko Asiya ko Turai.

Maganar takan yi wa mutane wuyar haɗiyewa, domin da ƙyar ake iya suranta miyar kuka ko kilishi ba barkono. Amma haka tarihin yake. Mutanen Meziko sun shafe dubban shekaru suna nomansa kafin Turawan Sifaniya su kai shi Turai, sannan jiragen ruwan Fotugal su yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma da Goa, garin Indiya da suka kama a 1510. Kafin zuwansa kakanni ba lami suke ci ba. Suna da masoro da kimba da citta mai 'ya'ya da fasaƙwari, kuma citta mai 'ya'yan ta yi daraja a kasuwannin Turai har aka riƙa kiran gaɓar Laberiya ta yau da sunanta. Abin da ya ba barkono galaba a kansu shi ne sauƙi. Kimba itacen kurmi ce, masoro kuma a kurmi yake yaɗo, sai fatake sun kawo su arewa. Barkono kuwa ko a bayan ɗaki aka watsa irinsa, cikin 'yan watanni ya nuna. Talaka ya samu zafin da ba sai ya saya ba.

Har cikin harshe baƙon ya zauna da gindinsa. Hayaƙin da 'yan sanda ke tarwatsa taro da shi barkonon tsohuwa ake ce masa. Kalmar yaji kuma ta bar madafa ta shiga zaman aure, daga can ta wuce ofis, inda ma'aikatan gwamnatin tarayya suka fi kowa sanin ma'anar yajin aiki.

Kafanchan wuri ne mai kyau na kallon yadda al'ummomi ke bambanta wajen sarrafa barkono, saboda jirgin ƙasa ya tara su a can tun da wuri. A ƙarshen shekarun 1920 garin ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, inda wani reshe ya nufi Kaduna wani ya hau Jos. Ma'aikatan reluwe Ibo da Yarabawa suka sauka da iyalansu, suka tarar da Fantswam da Bajju da Atyap da Kagoro da Ham da Hausawa da Fulanin Jama'a. Matan Yarabawa sun zo da jar miya wadda ake markaɗa attaruhu da tattasai a soya su cikin mai har ruwan ya ƙone. Matan Ibo sun zo da farfesun da har yau yake riƙe da tsohon zafi, domin masoro da kimba ne ginshiƙinsa, barkono ƙari ne. Mahauta Hausawa sun zo da yajin ƙuli na tsire da balangu. Ko a sunaye ana jin wannan cuɗanya: Bayarabe na cewa ata rodo da tatase, Bahaushe na cewa attaruhu da tattasai. A daidai wannan zamani ne, wajen 1927, aka fara noman citta don kasuwa a yankin da ake kira Kudancin Zariya a lokacin, kuma iri biyun da manoma suka riƙe sunayen Hausa gare su: Tafin Giwa mai kauri, da Yatsun Biri mai siraran yatsu.

Idan aka leƙa tukwanen duniya, za a ga ƙasashen da suka yi suna da barkono ba su fi mu juriyar zafi ba. Attaruhun da ake jajjagawa a Kafanchan yana tsakanin 100,000 da 350,000 a ma'aunin zafi da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, alhali jalapeno na Meziko da ake ta zuzutawa bai cika wuce 8,000 ba. Inda suka yi nisa shi ne ɗaukar barkono a matsayin abu mai ɗanɗano da ƙamshi da launi, wanda kowane irinsa ke da aikinsa.

Mutanen Meziko, masu abin, sun fi kowa kaiwa ƙarshe a wannan. Barkono ɗaya yakan canza suna idan ya bushe, domin a wurinsu ya zama wani sinadarin girki dabam. Jalapeno idan ya nuna aka busar da shi da hayaƙi sai ya koma chipotle, poblano idan ya bushe sai ya koma ancho. Kafin a yi miyarsu ta mole, akan gasa busasshen barkonon sama-sama a kan kasko har ya saki ƙamshi, a jiƙa shi, a markaɗa shi da riɗi da kayan ƙamshi, a wasu nau'o'in har da cakulan. Mai dakan yajin da ke ɗan soya barkono da citta kafin ta zuba a turmi dabara ɗaya take bi, ko da ba ta taɓa jin sunan Meziko ba.

Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman busasshen barkono, da mai take fito da shi. Ana jefa shi cikin mai mai zafi tare da sauran kayan ƙamshi na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a juye man a kan miya. A lardin Sichuwan na ƙasar Sin ana kwara tafasasshen mai a kan dakakken barkono, a haɗa shi da wani ɗan itace mai sa leɓe ya yi zugi ya mutu na ɗan lokaci. Wannan ɗan itacen dangi ɗaya ne da fasaƙwarin da ke cikin yajin jego, abin da zai iya ba mai cin abinci a gidajen abincin Sinawa na Abuja mamaki. Shito na Ghana, baƙin yajin da ake soyawa da busasshen kifi da citta har ya yi duhu, shi ma a wannan layi yake.

Akwai dalilin da ya sa mai ke aiki haka. Sinadarin da ke sa barkono zafi, kafsaisin, cikin mai yake narkewa, ba ya narkewa cikin ruwa. Shi ya sa wanda yaji ya kama ya ɗaɗɗaki ruwa ba ya samun sauƙi, amma kurɓi biyu na nono ko kindirmo sai ya lafa. Mafi yawan sinadarin a farin naman cikin barkonon yake, inda 'ya'yan ke maƙale, don haka mai son ƙamshin attaruhu ba tare da azabarsa ba sai ta kankare wannan farin. A 1997 David Julius da abokan bincikensa a Amurka suka gano cewa kafsaisin yana taɓa jijiyar nan ce da ke sanar da jiki ƙunar wuta, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. Harshe bai ƙone ba, ƙwaƙwalwa ce aka ruɗa. Zargin da ake yi wa barkono na haddasa gyambon ciki shi ma ya yi rauni tun da likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa, ko da yake mai gyambon yakan ji a jikinsa idan ya ci yaji.

Koriya ta bi wata hanyar, wadda ta fi kusa da Kafanchan fiye da yadda ake zato. Barkono bai isa can ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, amma yau shi ne jinin kimchi, kabejin da ake cuɗawa da gishiri da barkono da tafarnuwa da citta a bar shi ya yi tsami. Suna kuma da gochujang, wani jan ƙulli da ake yi da garin barkono da shinkafa da ruɓaɓɓen waken suya, a ajiye a randa watanni. Kafanchan ta daɗe da suna wajen daddawar waken suya, kuma yajin daddawa, wanda ake dakawa da barkono da citta, ɗan'uwan wannan ƙullin ne ta fuskar ɗanɗano.

Bambancin da ya rage shi ne na suna, kuma nan ne abin ke da ciwo. Hungari ta mayar da jan garin tattasanta, paprika, tambarin ƙasa; a birnin Szeged ne ma Albert Szent-Györgyi ya tace bitamin C mai yawa daga cikinsa, kafin ya samu Nobel a 1937. Faransa ta ba barkonon ƙauyen Espelette kariyar suna ta doka a 2000, ta yadda babu mai sayar da wani barkono da wannan suna sai wanda aka noma a yankin. Tabasco, da aka fara yi a jihar Luwiziyana ta Amurka a 1868, barkono ne kawai da gishiri da ruwan tsami, amma ya zagaye duniya a 'yar kwalba. A 2022 hukumar UNESCO ta sanya harisa ta Tunusiya cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Yajin da alhazai ke cusawa a jaka zuwa Makka, wanda jami'in gwamnati ke ɓoyewa a akwati idan zai tafi taro Turai don kada abincin otal ya gagare shi, bai gaza ko ɗaya daga cikinsu daɗi ba. Amma galibinsa a leda yake yawo ko a tsohuwar robar man shafawa, babu sunan gari, babu ranar daka, babu wanda zai amsa idan ya ɓaci.

Shekarun nan kuma sun nuna yadda kayan haɗin nasa ke kan siraɗi. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka rasa amfanin har da irin da za su shuka baɗi, a yankin da citta ce kuɗin makaranta da na aure da na rufin ɗaki. Farashinta ya ninka sau da yawa, har masu shayi da zoɓo a Abuja suka rage hannu. A tsakiyar 2024 kuma attaruhu da tumatir suka yi tashin gwauron zabo, a watan Yunin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. Matan ma'aikata a kasuwannin Wuse da Utako suka koma wa kauɗa da garin barkono.

Garin barkonon kuwa shi ne wurin da ya fi buƙatar lura. Barkonon da aka shanya a ƙasa bai gama bushewa ba aka ɗura a buhu yakan yi fumfuna, kuma wata fumfunar tana haifar da gubar aflatoksin mai lahanta hanta, wadda dahuwa ba ta kashe ta. Kudancin Kaduna ya fi Zariya ruwan sama da laima, don haka ajiyar busasshen kaya a can ta fi wuya da zarar damina ta kama. Ga kuma algus. Tsada takan sa marar tsoron Allah ya cakuɗa gari da dusa ya rina shi ja. Ba matsalar Nijeriya kaɗai ba ce: a 2005 Birtaniya ta janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna bayan an gano rinin masana'anta mai suna Sudan 1 a garin barkonon da aka yi amfani da shi wajen haɗa su. A can an iya bin sawun garin har inda ya fito, saboda yana da takarda. Ma'aikatun noma da na kasuwanci da hukumomin kula da ingancin abinci, waɗanda yawancin masu karanta wannan shafi ke shiga kowace safiya, su ne ke da ikon samar wa yajin gida irin wannan takarda, tun daga wurin shanya mai tsabta a ƙauye har zuwa gwaji da lambar rajista da ƙaramar mai daka za ta iya biya.

Kafin nan, masu girki a Kafanchan suna bin tsohuwar ƙa'idarsu. Ba sa sayen gari idan suna da hali. Sukan sayi barkonon ɗungurungum, su karya ɗaya su duba cikinsa ko akwai baƙi ko fari-fari, su girgiza su ji ko 'ya'yan na kaɗawa, alamar ya bushe sarai. Sai a ƙara shanya shi wuni guda a kan faranti, a cire hancinsa, a haɗa da citta da masoro da kimba da ɗan kanumfari, a daka a turmi ko a kai inji a tsaya a kai har a gama niƙa. Daga cikin irin wannan dakan ne ake ƙulla wa ɗa ko ƙane da ke aiki a Abuja nasa rabon, a ba direban motar da ke tashi da asuba, a kira shi a waya a gaya masa lambar motar.